Kin San Sunan Uwar 'Yar Aikinki?

 

Yau asirin kaina zan fara tonawa, don kada wata ta ce na hau kujera ina yi wa mutane wa'azi.

Shekarun baya, ina goyon ɗana na uku, ga aikin ofis ga hidimar gida, na yi abin da da yawa daga cikinmu ke yi. Na karɓi lambar wata mai kawo 'yan aiki a wajen maƙwabciyata. Kwana huɗu tsakani sai ga ta da yarinya, kayanta a ƙulle cikin baƙar leda. Ta ce shekarunta 14, ƙaramin jiki ne kawai Allah ya ba ta. Muka daidaita a kan naira 8,000 duk wata, kuma a hannunta zan riƙa sa kuɗin, ita za ta kai wa iyayen. Na biya kuɗin mota da la'ada, ta yi mini sallama.

Ban tambayi sunan ƙauyen ba, ban tambayi sunan uwar ba. Tambayoyina biyu ne kacal: tana ɗauke-ɗauke? Tana fitsarin kwance?

Wata 14 ta yi a gidana. Ban taɓa ɗaga mata hannu ba, abin da muka ci shi take ci, da sallah kuma na yi mata ɗinki. A ganina ni uwar ɗaki ce ta gari. Amma ita ke fara tashi, ita ke ƙarshen kwanciya. Ita ke goge takalman yarana, ta saɓa jakunkunansu zuwa bakin mota, ta ɗaga musu hannu su tafi makaranta, ta dawo kan tulin wanke-wanke.

Wani dare zazzaɓi ya kayar da ita har ta fara jijjiga. Muka kwashe ta sai asibiti. Ma'aikaciyar da ke cike kati ta ɗago kai ta ce, “Hajiya, sunan mahaifinta?” Na yi shiru. “Garinsu fa?” Na yi shiru. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta ci gaba da rubutunta ba ta ƙara cewa komai ba. Na kira dillaliya ya fi sau goma, waya a kashe.

Ina zaune a gefen gado ana yi mata ƙarin ruwa, tunani ɗaya ya hana ni sakat: idan ta cika a daren nan, ƙofar wa zan ƙwanƙwasa in kai gawa?

Abin da na tarar a ƙauye

Allah ya ba ta lafiya. Da ta warware na zaunar da ita, karo na farko cikin wata 14, na ce, “'Yata, faɗa mini sunan garinku.” Ta faɗi sunan ƙauyen, ta faɗi garin da suke cin kasuwa da ranar kasuwar. Da wannan muka kama hanya, ni da ita da ƙanin maigidana.

Uwar na daka a tsakar gida muka yi sallama. Ta saki taɓarya, ta rungume 'yarta tana shafa mata fuska kamar mai neman tabbatarwa. Bayan an sha ruwa an gaisa, zance ya fito.

“Hajiya, ai mu ce mana aka yi gidan ƙanwar matar nan za a kai ta, ta riƙa taya raino, ana sa ta a makaranta.”

Ba ta san garin da 'yarta take ba. Birnin da aka faɗa mata daban, wanda nake zaune daban. Na tambayi kuɗi. Ta ce sau biyu aka kawo mata aike, jimilla naira 25,000 da turmin atamfa ɗaya, aka ce sauran ana tara wa yarinya na kayan ɗaki. Ni kuwa naira 112,000 na zuba a hannun dillaliya.

Na tambayi shekarun yarinyar. Ta ƙirga da damina, ta haɗa da haihuwar ɗan maƙwabta, ta ce, “Bana take cika sha biyu.” Wato ranar da aka kawo mini ita ba ta fi shekara 11 ba. Tsarar babbar 'yata ce, wadda a lokacin ko ashana ban yarda ta ƙyasta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, uwar ba ta yi fushi da ni ba. Godiya ta riƙa yi, tana roƙon in koma da yarinyar, domin hatsin rumbunsu ba zai kai su damina ba, ga ƙanne biyar.

Wannan ba riƙo ba ne

Na san abin da wata za ta ce: ai tun kaka da kakanni ana ba da riƙon yara. Gaskiya ne. Amma mu tuna yadda riƙo yake. Goggo ta ɗauki 'yar ɗan'uwanta, ko kaka ta ɗauki jika. Kowa ya san gidan kowa. Yarinya ta tashi cikin 'ya'yan gida, abin da aka yi musu a yi mata, in aure ya zo mariƙiya ce ke tsaye a kan gado da katifa da jere. In aka cuce ta, akwai dangin da za su zo su yi magana.

A harkar 'yan aiki ta yau, uwar da ta bayar da uwar da ta karɓa ba su san juna ba, kuma da gangan aka raba su. Jarin dillaliya ke nan. Muddin ba ku haɗu ba, ita ke faɗin shekaru, ita ke faɗin albashi, ita ke riƙe kuɗi. In ta samu gidan da zai fi biya, ta zo ta ce uwar yarinya ba lafiya, ta ɗauke ta ta kai can, ta sake karɓar la'ada. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa ita ce tazarar da ke tsakanin iyaye mata biyu.

Haka nan ba ina cewa kada yaro ya yi aiki a gida ba. 'Yar da ta share tsakar gidan uwarta, ta taya ta girki bayan an taso daga makaranta, tarbiyya ake ba ta. Aikin da ake magana a kai shi ne wanda ya raba yaro da karatu, ya hana shi barci, ya fi ƙarfin jikinsa, ko ya jefa shi inda ba mai kare shi, wani kuma yana karɓe ladan.

Abin da doka ta ce

A watan Oktoban 2019, lokacin da 'yan sanda suka sanar da ceto yara 9 da aka sace a Kano aka sayar a jihar Anambra, duk mun girgiza. Muka kira abin da sunansa: safarar yara. Amma idan yarinya ta zo ta hannun dillaliya da yardar iyayenta, sai mu kira shi taimako.

Dokar ba ta raba su kamar yadda muke rabawa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2000 kan safarar mutane ta nuna cewa idan yaro bai kai shekara 18 ba, ɗauko shi, ko jigilarsa, ko ajiye shi, ko karɓarsa domin a ci da guminsa safara ce, ko da ba a yi masa dole ba, ko da ba a yaudari kowa ba. Ku lura da kalmar karɓa. Ba dillaliya kaɗai ta shafa ba.

A Najeriya an kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane a 2003, aka sabunta dokarta a 2015. A ƙarƙashin dokar, ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi ne mai hukuncin ɗauri daga wata 6 zuwa shekara 7. Wanda ya wuce 12 ma, in aikin na cutarwa ne ko na ci da gumi, laifi ne. Ga kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 da ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, firamare da ƙaramar sakandare. Da ma'aikaciyar asibitin nan ta ɗaga waya a daren, da ba ni da bakin magana.

Girman matsalar ma ba kaɗan ba ne. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF suka fitar a watan Yunin 2025 ya ce yara kusan miliyan 138 ne ke aikin da bai dace da shekarunsu ba a duniya, miliyan 54 daga ciki aikin mai haɗari ne. A gida kuwa, binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya gano yara sama da miliyan 24 'yan shekara 5 zuwa 17, wato kusan kashi 39 cikin 100. Akasarin irin waɗannan yara a duniya a gona suke. Amma 'yar aikin gida ta fi kowa ɓuya, domin ɗan talla da ɗan ga-ruwa ana ganinsu a titi, ita kuwa tana bayan ƙofa a kulle. In an dake ta ba mai gani. In wani namiji a gidan ya lallaɓa wurin kwananta cikin dare, wa za ta faɗa wa? In ciki ya fito, ita ake kora.

Inda hanyar ke ƙarewa

Dalilin da ya fito da yarinyar nan daga ɗakin uwarta zuwa gidana, shi ne ke kai wasu yaran inda ya fi nisa da muni. A maƙwabciyarmu Nijar, yankin Kance da ke jihar Damagaram, daf da iyakar Daura, ya daɗe yana fama da ƙarancin gona da ƙarancin abinci. Mata kan kwashi yara su tsallaka hamada zuwa Aljeriya domin bara, kuma an sha ba da rahoton cewa wasu yaran ba nasu ba ne, karɓo su ake yi daga iyaye da alƙawarin za a riƙa aiko musu da wani abu.

A watan Oktoban 2013, motoci biyu da suka taso daga Arlit suka lalace a cikin sahara kafin su kai iyakar Aljeriya. Aka tsinci gawa 92, ƙishirwa ta kashe su. Daga ciki 52 yara ne, 33 mata, 7 maza, akasarinsu mutanen yankin Kance. Gwamnatin Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku.

Babu uwar da ta sa ɗanta a motar nan don ba ta son sa. Rumbu ne ya ƙare, wani kuma ya zo da alƙawari. Haka yake a ƙauyukanmu, musamman yanzu da 'yan bindiga suka raba mutane da gonakinsu a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, aka bar zawarawa da marayu a kangwaye da tashoshin mota. Mai neman yaran da zai ci da guminsu ba ya shan wahalar nema.

Akwai kuma dalilin da mu mata muka fi kowa sani: kayan ɗaki. Uwa a ƙauye tana kwana da tunanin ranar da za a kai 'yarta ɗaki babu gado babu jere, kishiyoyi da dangin miji su yi mata dariya. Don gudun kunyar yini ɗaya sai a sayar da ƙuruciyar yarinya ta shekara biyar. Sau da yawa kuma, kamar yadda na gani da idona, ko kuɗin ba ya isowa.

Mu ne kasuwar

Talauci ke turo yaran, wannan ba musu. Amma ba a kai kaya kasuwar da babu mai saye. Ku duba rukunonin WhatsApp ɗinmu na unguwa da na 'yan makaranta. Sau nawa muke ganin saƙo irin wannan: “Don Allah wa ke da lambar mai kawo 'yan aiki? Ƙarama nake so, wadda idonta bai buɗe ba.”

Me ya sa ƙarama? Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ƙarama ta fi arha, ba ta musu, ba ta san hanyar gida ba balle ta gudu, kuma hankalinmu ya fi kwanciya da ita a gaban maigida. Duk abin da ya sa muke son ta, shi ne abin da ya sa ba ta iya kare kanta.

Ban manta da nauyin da ke kanmu ba. Mace ta fita aiki tun safe, ta dawo ta tarar da girki da wanki da yara, maza da yawa kuma ko kofin da suka sha shayi ba sa ɗaukewa. Neman mai taimako ba laifi ba ne. Tambayar ita ce wa za a ɗauka, kuma ta wace hanya.

Abin da za ki iya yi daga yau

Idan kina neman mai aiki, nemi babba. Unguwanninmu cike suke da zawarawa da matan da mazansu ba su da ƙarfi, masu son su zo da safe su yi shara da wanke-wanke su koma gidajensu da rana. Za ki biya fiye da abin da za ki ba dillaliya, amma kuɗin zai shiga tukunyar wani gida kai tsaye, wataƙila ma ya hana waccan matar tura tata 'yar aikatau.

Idan kuma akwai yarinya a gidanki yanzu, kada ki karanta wannan ki kore ta gobe da safe. Korar ba za ta kai ta makaranta ba, wani gidan za a kai ta. Ga abin da ya fi:

1. Zaunar da ita yau ki tambayi cikakken sunanta, sunan uwa da uba, ƙauyensu da garin kasuwarsu. Rubuta ki ajiye, maigida ma ya sani.

2. Nemi magana da uwarta baki da baki, ba ta bakin dillaliya ba. Ko uwar ba ta da waya, akwai mai waya a ƙauyen. In dillaliya ta hana, ta fara kwana-kwana, to kin samu amsar irin sana'ar da take yi.

3. Tambayi uwar nawa ke isa hannunta. Daga nan kuɗi ya riƙa tafiya kai tsaye, ko ta asusun wani amintacce da uwar ta zaɓa, ko ta mai POS na garin kasuwarsu, ki kuma kira ki tabbatar ya isa.

4. Gano shekarunta na gaskiya. In ba ta kai 12 ba, ba 'yar aiki ba ce ko a gaban doka. Ko dai ki mayar da ita hannun iyayenta da kanki, ki taimaka da abin da za ki iya, ko ku yi magana da su a gaban mai unguwa ko dagaci ki riƙe ta riƙo na gaskiya, ta shiga makaranta tare da naki, aikin kuma ki nemi babba.

5. In ta girmi haka, karatu dai haƙƙinta ne: boko da Islamiyya, ko koyon sana'a. Ta samu lokacin barci, da wurin kwana mai ƙofa da sakata, ba kicin ko falo ba. Ta je gida da sallah. Ki ja kunnen samarin gidan, ki kuma nuna mata cewa in wani ya taɓa ta za ki saurare ta.

6. In kin ga yarinyar maƙwabta da tabon bulala ko ƙuna, ko kin san gidan da ake tara yara ana rarraba su, kada ki ce ba ruwanki. Akwai mai unguwa, akwai Hisbah a jihohin da take, akwai 'yan sanda da ma'aikatar mata, NAPTIP kuma tana da ofisoshi a Kano da Sakkwato da Maiduguri da wasu biranen.

Ga 'yan'uwanmu da ke da dangi a ƙauye, ku isar da wannan saƙo in kun je gida: duk wadda za ta ba da 'yarta, ta san sunan matar da za a kai wa, da unguwa, da lambar waya, ta kuma ji muryar 'yarta aƙalla duk Juma'a. Wanda ya ce zai kai yarinya Legas ko Libiya ko Saudiyya aiki, ya ce kada a faɗa wa kowa sai ta isa, a guje shi. Alheri ba ya buƙatar ɓoyo irin wannan.

Ƙarshen labarina

Ban koma da yarinyar ba. Na cika wa uwar abin da dillaliya ta cinye gwargwadon ƙarfina, muka je da ƙanin maigidana aka sa ta a firamaren garin, na ɗauki nauyin littafi da kayan makaranta. A gida kuma na ɗauki wata baiwar Allah mai 'ya'ya huɗu, tana zuwa da safe ta tafi bayan azahar. Mun fi shekara shida tare.

Zan so in ce labarin ya ƙare da daɗi, amma ba haka ba ne gaba ɗaya. Bayan shekara biyu na aika a gaishe su, aka ce mini ita tana nan tana karatu, amma ƙanwarta mai bi mata an ba wata mata ta tafi da ita birni. Na tambayi wane birni. Uwar ta ce ba ta riƙe sunan ba.

Wataƙila tana gidan ɗaya daga cikinmu yanzu haka, tana goge takalman yara. Don Allah in kin ajiye wayar nan, ki kira yarinyar da ke gidanki ki tambaye ta sunan uwarta.

Ina jiran ra'ayoyinku a ƙasa, musamman waɗanda suka taɓa yin aikatau suna ƙanana, da waɗanda suka samo hanyar da ta fi tawa. Kada dai a ambaci sunan kowa ko a sa hoton yarinya. Allah ya raya mana zuri'a, namu da na wasu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.